Ɗan Hakin Da Ka Raina: Tarihin Fara A Ƙasar Dakoro

Mai karatu, in aka tambaye ka wace dabba ce ta fi yi wa mutanen ƙasar Dakoro ɓarna, me za ka ce? Wataƙila ka ce kura, ko zaki, ko kububuwa. To, ba ko ɗaya daga cikinsu. Kura akuya guda take ɗauka ta yi gaba. Wadda ta sha tayar da gari dungum ita ce fara, wannan da yara ke kamawa su ɗaura mata zare suna wasa, wadda mata ke soyawa da yaji su kai kasuwa. Nauyinta bai wuce giram 2 ba. Ba ta da dafi, ba ta harbi. Amma tarihinta da yunwa tare suke tafiya.

Fara iri-iri ce. Akwai ta gida, wadda ke ƙyanƙyashewa a gonakinmu kowace damana. Akwai kuma farar ɗango, mai zuwa daga hamada kamar hadari. Mutanen da sun ɗauka farar ɗango wata halitta ce dabam. Sai a 1921 wani masani ɗan asalin Rasha da ke aiki a Landan, Boris Uvarov, ya gano cewa fara mai zaman kaɗaici da fara mai tafiya cikin runduna duk abu ɗaya ne. Hali ne kawai ke sakewa.

Ga yadda abin yake. In ruwa ya sauka sosai a hamada, ciyawa ta tsiro, sai fara ta zuba ƙwai cikin danshin rairayi. Cikin wata 3 yawanta na iya ninkawa sau 20. Da ciyawar ta fara bushewa, sai su taru a ɗan wurin da ya rage kore, suna gogar juna. Wannan cunkoso shi ke juya su. Launinsu ya sake, ya koma ja-ja, daga baya rawaya. Masu gudun juna jiya, yau sun zama runduna. Kowace ɗaya tana cin abincin da ya kai nauyinta a yini. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, ta yi lissafi cewa rundunar da ta rufe murabba'in kilomita 1 tana cinye abincin mutum 35,000 a rana guda, kuma tana iya tafiyar kilomita 150 kafin faɗuwar rana.

To, me ya sa wannan magana ta shafi Dakoro musamman? Dubi inda garin yake. Yana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, a bakin iyakar noma da kiwo. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, ta ƙasar Dakoro layinta ya bi, wajen kwarin Tarka. Can arewa kuma akwai duwatsun Abzin da filayen Tamesna, inda farar ɗango ke hayayyafa. In ta taso ta nufo kudu, makiyayar Dakoro da gonakinta na cikin waɗanda take fara tararwa. Watau manomi da makiyayi duka a bakin ƙofa suke.

A 1930 fara ta sauka a ƙasar Nijar ta cinye amfanin gona, aka shiga 1931 da yunwa mai tsanani. Abin ya fi muni a yamma, wajen Filinge da Doso da Yamai, har Zabarmawa suka raɗa wa shekarar suna shekarar fara. Duk da haka Nasara ba su daina karɓar haraji ba. Mutane da yawa suka mutu, wasu suka yi ƙaura zuwa Nijeriya da Gwalkwas, ƙasar da ake kira Gana a yau. Bayan wannan ne hukumar Faransa ta matsa wa talakawa da rumbunan tsimi, inda kowane gari ke ajiye hatsi dole. Lokacin da aka kafa bariki a Dakoro a 1947, tsoron fara na nan a zukatan dattawa.

Da ƙasashenmu suka sami mulkin kai, sai suka ga fara ba ta san iyaka ba. A 1965 suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna OCLALAV, da hedkwatarta a Dakar, don yaƙi da fara da kuma tsuntsu jan baki, wani ɗan ƙaramin ɓarawon hatsi mai kyan gani. Amma da aka yi shekaru fara ba ta zo ba, sai aka yi sake. Kuɗi suka yanke, motoci suka lalace. Bayan farin 1984, da ruwa ya dawo, farar gida ta tashi a 1986, farar ɗango ta biyo baya. A watan Oktoba na 1988 wasu rundunoni suka tashi daga Afirka ta Yamma suka ƙetare tekun Atalantika, tafiyar kusan kilomita 5,000, har tsibiran Karebiyan.

Wadda da yawa daga cikinku za su tuna ita ce ta 2004. Damanar 2003 ta yi kyau a hamada. FAO ta yi gargaɗi tun ƙarshen shekarar, amma taimako bai zo da wuri ba. Fara ta haura zuwa Maroko da Aljeriya ta ƙara yawa, sannan ta dawo mana a damanar 2004, ga kuma ruwa ya ɗauke da wuri. Nijar ta sami giɓin cimaka na tan dubu 223, giɓin abincin bisashe kuwa ya haura tan miliyan 4. A 2005 mutum sama da miliyan 3 suka shiga matsi. Kuɗin buhun hatsi ya ninka fiye da sau biyu, kuɗin dabba ya faɗi warwas, har akwai inda ramammiyar saniya ba ta isa sayen buhu guda ba. Ƙungiyar likitocin MSF ta buɗe wurin jinyar yara masu tamowa a Dakoro, ta kuma yi jinyar yara sama da 60,000 a ƙasar a shekarar. Ba fara kaɗai ta jawo wannan ba. Fari da tsadar kasuwa da talauci sun fi ta hannu. Amma ita ce ta cinye ɗan abin da fari ya bari. Yaƙin da aka yi da ita a ƙasashen yankin ya ci sama da dalar Amurka miliyan 400.

Wannan karon an ɗauki darasi. A 2007 Nijar ta kafa cibiyar ƙasa ta yaƙi da fara, CNLA, wadda ma'aikatanta ke shiga Abzin da Tamesna suna neman fara tun tana tsalle, ba ta yi fiffike ba. A 2012, da rundunoni suka shigo arewacin ƙasar daga iyakar Libiya da Aljeriya, an tare su kafin su zama annoba.

Ka gani ke nan, mai karatu. A shekarar da ruwa ya yi kyau ake haifar wannan masifa, lokacin da hankalin kowa ya kwanta. Kai da ka iya karatu da rubutu, ga naka aiki. In ka ga 'ya'yan fara sun taru suna tafiya gaba ɗaya, ko ka ji makiyaya sun zo da labarin haka, rubuta sunan wurin da ranar, ka kai wa mai gari ko ma'aikacin gona ba da jinkiri ba. In an yi feshi, a hana yara tsintar fara, kada a ci, kada a sayar, a kuma janye bisashe daga wurin har ranar da ma'aikata suka faɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana ita har ta shiga rumbu.