Masu Sayar da Littattafan Hira a Kano

Tun da daɗewa ana cinikin littattafai a Kasuwar Kurmi, wadda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa. Amma a da littattafan addini ne, waɗansu rubutun hannu, waɗansu kuwa bugun Masar.

Littattafan hira na boko daga Zariya suka fara. A 1933 Rupert East ya shirya gasar rubutu, aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da waɗansu uku. Hukuma ce ke bugawa, makarantu ke saye. Saboda haka yawanci a aji yaro yakan gamu da su.

Wajen 1984 sai al'amari ya sake. Kuɗi suka yi wuya, manyan kamfanoni suka ja baya. Marubuci ya koma yana tara kuɗinsa, ya buga littafinsa da kansa, ya kai wa masu shago a Bata, bakin Kasuwar Sabon Gari. Su ne ke rarrabawa har Katsina da Sakkwato da Maraɗi. A wannan zamani ne Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991. Mutane suka sa musu suna littattafan soyayya, ko da yake har da zancen kishiya da auren dole a ciki.

Sa'ad da nake yaro, yayata takan aike ni wurin wani mai tebur a unguwarmu, in karɓo mata hayar littafi. Ni kuwa sai in laɓe a zaure in karanta rabinsa tukuna. In ya shiga gida, wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran mata.

To, yau yawancin labaran ta waya ake karanta su, a biya marubuciya kai tsaye. Shaguna da yawa sun koma wata sana'a. Labari dai bai mutu ba. Amma ɗalibin da ke neman littafin 1990 zai sha yawo, gama a hannun masu shagon nan yawancinsu suke, ba a ɗakin karatu ba.