Tsohon Gwajin Jini a Sabuwar Annoba

Lokacin da korona ta cika asibitocin Wuhan a farkon 2020, babu maganin da aka tabbatar yana kashe ƙwayar cutar. Abin da ya fi damun likita a bakin gado shi ne: cikin waɗannan masu haki, wa zai tashi, wa kuma jikinsa zai rikice? Amsar ta fito ne daga gwaje-gwajen jinin da aka daɗe ana yi. A asibitin Jinyintan da asibitin huhu na birnin, an bi bayanan majinyata 191, inda 54 suka rasu, aka ga yawan D-dimer, wato ɓurɓushin da gudan jini ke bari idan ya narke, yana tafiya tare da mutuwa.

Wanda ya fi D-dimer tsufa shi ne CRP. A 1930 William Tillett da Thomas Francis, a Cibiyar Rockefeller ta New York, suka gano shi a jinin masu ciwon nimoniya. Hanta ce ke fitar da shi idan kumburi ya tashi a jiki, bisa umarnin wani sinadari mai suna IL-6. Shekara 90 bayan haka, ga shi ya sake komawa kan masu ciwon huhu.

Masu suka suna cewa CRP ba ya faɗin sunan cuta, domin zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga shi, haka miki mai ruɓa. Gaskiya ne, amma ba aikinsa ke nan ba. Gwajin hanci ya riga ya nuna korona ce. Abin da ya rage shi ne sanin yadda wutar ke ci a ciki. Wasu kuma suna cewa sanin wanda zai mutu ba ya hana shi mutuwa. Wannan sukar tana da nauyi, kuma binciken RECOVERY na Birtaniya ne ya amsa ta. An zaɓi majinyata 4,116 masu ƙarancin iskar oksijin waɗanda CRP ɗinsu ya kai miligiram 75 a lita, aka ba wajen rabinsu tocilizumab, maganin da ke toshe hanyar IL-6. Cikin kwana 28, kashi 31 cikin 100 na waɗanda suka samu maganin ne suka rasu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 35. Ratar ba ta da faɗi, amma a ɗakunan jinyar da gadaje suka ƙare, ƙarin mutum huɗu ne cikin kowane ɗari suka tsira da ransu.