Sarki Makbes na Tarihi da Makbes na Wasa

A cikin wasannin kwaikwayo na ban tausayi da Wiliyam Shekisfiya na ƙasar Ingila ya rubuta, akwai wani mai suna Makbes, wanda ya tsara wajen shekarar 1606. Labarin wani jarumi ne da ya kashe sarkinsa don kwaɗayin sarauta, daga baya alhaki ya kama shi. Mutane da yawa sun ɗauka abin da ya faru ke nan, amma tarihi ya nuna ba haka ba ne.

Shi dai Makbes sarki ne na gaske a ƙasar Sikotilan. Ya hau gadon sarauta a shekarar 1040, bayan da Sarki Dankan ya mutu a yaƙin da suka gwabza. Dankan kuwa ba tsoho ba ne, shekara 6 kaɗai ya yi yana mulki. Makbes ya shekara 17 bisa karaga, har a 1050 ya tafi ziyara birnin Rum, ya yi ta rabon sadaka ga matalauta. A 1057 ne Malkam, ɗan Dankan, ya ci shi da yaƙi, aka kashe shi.

Shekisfiya ya samo labarin daga littafin tarihin wani marubuci mai suna Holinshad, sa'an nan ya juya shi yadda zai kama zuciyar masu kallo. Ya mai da Dankan dattijo adali. Ya sa Makbes ya kashe shi da dare yana barci, yana kuma baƙo a gidansa, watau cin amana uku a haɗe: ta sarki, ta ɗan'uwa, ta baƙo. Mulkin shekara 17 kuwa ya dunƙule shi, ya zama 'yan kwanaki na tsoro da zub da jini.

Akwai kuma Banko, abokin Makbes. A littafin Holinshad da hannunsa a cikin kisan, amma a wasan an wanke shi tas. Masana suna ganin dalilin shi ne Sarki Jemis, wanda ya hau sarautar Ingila a 1603, ana danganta asalinsa ga Banko, kuma shi ne ubangidan ƙungiyar 'yan wasan Shekisfiya. Wa zai zagi kakan sarki a fadar sarki?

Dabarun wasan su ne suka ba shi ƙarfi. Ta farko, magana mai harshen damo. Bokaye uku mata suka sa Makbes ya gaskata babu wanda mace ta haifa da zai iya cutarsa, kuma ba za a ci shi ba sai dajin Barnam ya taso masa. Ashe Makduf, wanda ya kashe shi a wasan, tsaga cikin uwarsa aka yi aka ciro shi. Rundunar Malkam kuwa rassan itatuwan dajin ta sara ta ɓuya a bayansu tana tafe. Ta biyu, jini da barci. Matar Makbes, wadda ta zuga shi, ta koma tana yawo cikin barci tana murza hannu, jinin da ba kowa ke gani ba ya ƙi fita. Ta uku, zancen zuci a fili, inda Makbes kan tsaya shi kaɗai ya faɗi abin da ke ransa. Saboda haka mai kallo yakan ƙi aikinsa, ya kuma ji tausayinsa.

An buga wasan a 1623, shekara 7 bayan rasuwar Shekisfiya, har yau kuwa ana yinsa a ƙasashen duniya. Sarkin da ya yi sadaka a Rum an manta da shi, wanda ya yanka baƙonsa aka sani. Malkam ya raba Makbes da sarauta, alƙalamin Shekisfiya ya raba shi da sunan kirki. Don haka mai karatu ya nemi halin ɗan Adam a cikin wasan, labarin sarkin kuwa ya neme shi a littattafan tarihi.