Tafkin Nokoué: tsuntsaye da tsirran bakin ruwa

Tafkin Nokoué yana arewa da Kwatano a jamhuriyar Benin, tsawonsa wajen kilomita 20, faɗinsa kilomita 11. Kogunan Ouémé da Sô ne ke zuba masa ruwan daɗi. Mashigin da Faransawa suka haƙa a 1885, wanda ya ratsa ta gefen kasuwar Dantokpa, shi ke shigo masa da ruwan teku. Tun shekarar 2000 yana cikin wuraren dausayi da yarjejeniyar Ramsar ke karewa.

Gishirin ruwan shi ke yanke abin da mai kallo zai tarar. Wajen Satumba zuwa Nuwamba, idan koguna suka cika, ruwan ya salamce, sai wata ciyawa mai yawo kamar kainuwa ta rufe tafkin. Asalinta Kudancin Amurka, Faransawa na ce mata jacinthe d'eau. Furenta shuɗi-shuɗi ne mai ban sha'awa, amma masu kwalekwale ba sa yabonta: tana toshe hanyar Ganvié, garin da aka gina bisa turaku cikin ruwa, har mata masu kai kifi kasuwa su yini suna fama. Da rani ya yi, ruwan teku ya rinjaya, gishiri ya kashe ta.

Lokacin nan ne kallon tsuntsaye ya fi armashi. Baƙin da suka gudo wa sanyin Turai, musamman wanda ake kira guifette noire, sukan jeru bisa acadja, wato rassan itacen da masunta ke kafawa cikin ruwa don kifi ya taru. Zalɓe da balbela suna nan duk shekara, haka ma wani mai zanen baƙi da fari da ke tsayawa cak a sama kafin ya faɗo wa kifi. Inda ciyawa ta lulluɓe ruwa kuwa, a nemi mai dogayen yatsun nan da ke takawa bisa ganye.

Acadja na ciyar da dubban gidaje, sai dai rassan sare su ake yi, kuma idan suka ruɓe suna cike gindin tafkin. Sharar birni ma tana ƙarawa.

Mai son zuwa ya ɗauki kwalekwale a Abomey-Calavi da sassafe, ya roƙi matuƙi ya kashe inji in an kusanci tsuntsaye. Mutanen Ganvié da yawa ba sa son hoto ba tare da izini ba.