Litinin ɗin da Sule Ya Koma Kwabo Goma

Ranar 1 ga Janairun 1973 Litinin ce, kuma a Maiduguri ba a wasa da Litinin, tun da ita ce ta ba babbar kasuwar garin sunanta. Hunturu ya kankama, hazo ya dushe rana, saura kamar mako biyu a yi Babbar Sallah, masu hali sun fara leƙa turakun raguna. A ranar ce gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fito da naira. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule goma naira guda. Duk wanda ya taso daga Tsohuwar Maiduguri da mangalar gero a bayan jaki ya nufi Yerwa, da lissafi ɗaya ya bar gida, da biyu ya dawo.

Baƙo kan ɗauka Maiduguri da Yerwa suna biyu ne na gari ɗaya. A yau haka ne, amma asali garuruwa biyu ne. Maiduguri ce tsohuwa, ƙauye a kusa da kogin Ngadda, wanda Turawa suka zaɓa suka kafa sansaninsu. Yerwa kuwa Shehu Abubakar Garbai ne ya kafa ta a 1907, ta maye gurbin Kukawa a matsayin mazaunin sarautar Barno. Sabon garin ya bunƙasa, ya ara sunan tsohon bai mayar ba, har mai sunan na asali ya koma ana ce masa "tsohuwa". A 1973 birnin shi ne hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas, Musa Usman na gwamna, Shehu Umar ɗan Abubakar Garbai na kan karaga, jirgin ƙasa kuma shekararsa tara da isowa.

Canjin kuɗi ba baƙon Barno ba ne. An yi ciniki da gabaga, wato ƙyallen saƙi, an yi da gursu, azurfar nan mai kan Mariya Tariza, an yi da wuri, sannan Turawa suka zo da anini da kwabo masu huda a tsakiya. Ko a 1968 an canza takardun fam saboda yaƙin basasa. Abin da ya bambanta na 1973 shi ne ya taɓa ƙirga kanta. A tsohon lissafi kwabo goma sha biyu ne sule, sule ashirin fam. Sisi rabin sule ne, taro rabin sisi, ahu rabin taro, fataka sule biyu. Yaron da ake aika sayen daddawa ya san wannan kafin ya san baƙi da wasali. Sabon tsari ya ce sule kwabo goma ne kacal. Sunan kwabo bai canza ba, amma nauyinsa ya canza, kuma a nan rikicin yake. Mai ƙosan da ke ba da ɗaya a kwabo, da sule kan kwashi goma sha biyu a kaskonta, yanzu goma zai kwasa. Ina biyun suka shiga? Babu wanda ya sace su, amma mai saye ya ji a cikinsa. Sisi ya dace da kwabo biyar cif, ya tsira. Taro ya faɗa kwabo biyu da rabi, ahu kuwa bai sami mazauni a sabon gida ba, ya mutu a hankali.

Ina sha'awar duba sulallan da aka buga a lokacin, domin sun faɗi yadda ƙasar ke kallon kanta. Rabin kwabo na ɗauke da auduga, kwabo biyar koko, kwabo goma kwakwar manja, kwabo ashirin da biyar, wanda shi ne babbansu, gyaɗa. Hasumiyar haƙar mai a kan kwabo ɗaya aka ajiye ta. Ba a yi shekara ba lissafin ya juye. Yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973 ya ɗaga gangar ɗanyen mai daga wajen dala 3 zuwa kusan 12, gyaɗa kuma fari ya kassara ta, cutar da ta auka mata a 1975 ta ƙarasa ta. Dalar gyaɗa ta koma hoto.

Masu kewar wancan zamani da fetur suke fara hujja, kuma suna da gaskiyarsu. A 1973 aka ɗaga lita daga kwabo 6 zuwa kwabo 8 da ɗoriya, wato naira guda na sayen fiye da lita 11. Dalar Amurka kwabo 66 ce, nairar ta girme ta. Takarda mafi girma naira goma ce, sai a 1977 aka yi ta ashirin mai hoton Murtala, kuma wanda ya zaro ta a kasuwa sai an waiwaya an dube shi.

Sai dai labarin arha yakan tsallake wani abu, musamman a bakin wanda ya ci albashi. Shekarar da aka haifi naira shekarar fari ce. Damina ta gaza a 1972, ta sake gazawa a 1973, tun daga Senegal har Habasha. Tafkin Chadi, wanda a farkon shekarun 1960 ya kai faɗin murabba'in kilomita dubu 25, ya ja da baya har ya rabu biyu. Shanu suka yi ta faɗuwa a arewacin Barno, makiyaya na karyar da su don kada su mutu a hannu, saboda haka dabba ta yi arha hatsi ya yi tsada. Manomin Tsohuwar Maiduguri da ya rasa gero a rumbu bai da abin da zai yi da fetur mai kwabo takwas, ba shi da babur balle mota. Ma'auninsa mudu ne, kuma mudu ya yi masa nisa a wannan shekara.

Sannan Udoji ya zo. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin da hukumar Jerome Udoji ta ba da shawara, har da bashin watanni da aka lissafo tun daga Afrilun 1974. Ƙaramin ma'aikaci ya koma naira 60 a wata. Masinja ya sayi keke, malamin makaranta ya sayi babur, rediyo da agogo da katifa suka ƙare a kantuna. 'Yan kasuwa ba su jira an gaya musu ba, suka yi wa kayansu nasu Udojin, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar. Wanda ba ya kan takardar albashi, kuma su ne mafi yawa a unguwa irin Tsohuwar Maiduguri, tsadar kawai ya samu. A ganina daga nan ne aka fara raba tuna baya gida biyu, har yau in dattawa biyu suka zauna ɗaya na cewa an sha daɗi, ɗaya na cewa kai ka sha.

Labari kuwa ta akwatin rediyo yake shigowa, mai cin batir huɗu, wanda ake rufa wa ƙyalle saboda ƙura. Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, shi ne gidan kowa: labarai, gaisuwar Zaɓi Sonka, kalangun Mamman Shata, kuntigin Ɗan Maraya Jos. Sashen Hausa na BBC yana magana tun 1957, na Jamus tun 1963, Muryar Amurka ba ta fara Hausa ba sai 1979. A unguwar da Kanuri da Larabcin Shuwa ne harshen tsakar gida, Hausa ce harshen akwati, don haka a kowace majalisa akan sami mai fassara, kuma fassararsa kan fi labarin yaji. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ake bugawa tun 1939, takan iso bayan ta kwana a hanya, mutum ɗaya ya karanta goma su saurara. Abin dariya, sunanta ma canjin ya shafa, don kwabon da ta fi ba shi ne na yanzu ba.

Watan Janairun 1973 bai yi rowar labari ba. Ranar 7 aka buɗe wasannin Afirka karo na biyu a Legas, a sabon filin wasa na Surulere. Ranar 22 jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya faɗi a Kano cikin hazo, mutum 176 suka rasu. Ta rediyo mutane suka fara ji, kuma duk gidan da ke jiran alhaji ya kwana bai san ko nasa na ciki ba, domin ba wayar da za a buga a tambaya. Direbobi a lokacin ba su cika shekara da komawa tuƙin hannun dama ba, wanda aka fara a Afrilun 1972. Cikin wata tara an canza wa mutum hannun da yake bi a titi da yadda yake ƙirga kuɗin aljihunsa.

Nishaɗin dare rabinsa kyauta ne. Akwai dandali in wata ya yi haske, akwai kokawa bayan girbi, akwai ganga da algaita a gidan biki, akwai hawan sallah a Dandal, ƙofar fadar Shehu. Mai 'yan sulalla, in ya iya zame wa idon mahaifinsa, sai ya gangara cikin gari gidan sinima mara rufi, inda mafi arhar wuri shi ne gaba, kan benci, wuya a ɗage. Fim ɗin Indiya ne sarki, Mother India ta 1957 ta yi shekaru ana maimaita ta a Arewa. Ba mai jin Indiyanci, amma kowa ya gane mai bin bashi da uwar da ta ƙi sallama gonarta. Zuwa sinima ba abin da ɗan mutunci ke faɗa a gida ba ne, mace kuwa ba a ma zancenta. Kaset ya zo, bidiyo ya biyo, finafinan Kano suka fara da Turmin Danya a 1990, kallo ya bar fili ya shige ɗaki. Abin da ya sake tara maza a wuri ɗaya ƙwallo ce, musamman da El-Kanemi Warriors ta ɗauko kofin ƙalubale a 1991 ta kuma maimaita a 1992, daga baya gidajen kallon wasannin Turai suka gaji bencin sinima.

Nairar dai ta ci gaba da ramewa, matakanta sanannu ne. Fetur ya kai kwabo 20 a 1982, kwabo 39 da rabi a 1986, shekarar da Babangida ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, naira 11 a 1994. Takardar 50 ta fito a 1991, ta 100 a 1999, ta 1,000 a 2005. Mafi ƙarancin albashi na 1981, naira 125, ya fi ƙarfin lita 800. Na 2024, naira 70,000, a ƙarshen shekarar bai wuce lita 70 da wani abu ba. An sake buga sulalla a 2007, mai shayi ya ƙi karɓa, almajiri ma ya ƙi.

Maiduguri ta ƙara da nata jarrabawar da yawancin birane ba su gani ba. Bayan 2009 dokar hana fita ta kashe dare, dandali da gidan kallo suka yi shiru. A 2011 aka hana acaɓa. A Mayun 2013 aka katse layukan waya na tsawon watanni, sai ga jikokin masu akwatin batir sun koma neman gajeren zango, wanda ke son gaida ɗan'uwa sai ya ba direba saƙo ko ya yi tafiya zuwa wata jihar ya buga. Tashar rediyon Dandal Kura, da ta fara watsa shiri da Kanuri da Hausa a 2015, a kan wannan ƙishirwar ta tsaya. Rufe hanyar Baga da ta Gamboru ya sa kifi banda da wake, waɗanda garin ke ciyar da Kudu da su, suka zama abin lissafi a gidan da ke tsakiyar kasuwarsu.

Naira ta cika hamsin a Janairun 2023 cikin wani canjin kuɗin. An sauya launin 200 da 500 da 1,000, sababbin suka yi ƙaranci, mutane suka kwana a layin banki, masu POS na sayar wa mutum kuɗinsa da riba. Ranar 26 ga Fabrairu, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, gobara ta cinye babbar kasuwar nan, Kasuwar Monday. Ƙarshen Mayu aka cire tallafin fetur, lita ta haura naira 500 a garin.

Da duk wannan, tsofaffin sunayen ba su gama tafiya ba. Shekaru da dama bayan 1973 dillalan shanu da fam suke ciniki, mai saye ya ninka a zuci. Har yanzu in tsohuwa ta ce jaka guda, naira 200 take nufi, wato fam ɗari, cikin jakar da ake ɗaure sulallan Turawa. A ranar Litinin ɗin can, jaka guda ta isa ta sayi fetur fiye da lita 2,000. A ƙarshen 2024 ba ta cika rubu'in lita ba, amma jaka ake kiranta.