Tarihin Zuba Jari na Sanin Ya-kamata

Zuba jari na sanin ya-kamata shi ne mai kuɗi ya duba yadda kamfani ke mu'amala da mutane da muhalli kafin ya sayi hannun jarinsa. A kasuwannin duniya ana taƙaita shi da haruffa uku, ESG, wato muhalli da zamantakewa da shugabancin kamfani.

Saɓani a kan asali

Marubuta ba su yi ittifaƙi a kan mafarinsa ba. Wasu sukan kai shi 1758, shekarar da taron mabiya ɗariƙar Quaker na Filadelfiya ya hana membobinsa cinikin bayi. Wasu sukan ce 1928, lokacin da asusun Pioneer na birnin Boston ya ƙi sa kuɗi a kamfanonin giya da taba. Ma'aikatan banki kuwa 2004 suke kamawa, shekarar da haruffan ESG suka yaɗu. Biyun farko ƙaurace wa haram ne, irin wanda Musulmi ya sani game da kuɗin ruwa da caca. Na 2004 kuma raɗin suna aka yi wa yaron da ya riga ya yi gemu. Shekarar da ta fi cancanta ita ce 1971.

Zamanin wariyar launin fata, 1971 zuwa 1994

A 1971 Cocin Episcopal na Amurka, wanda ke da hannun jari a General Motors, ya gabatar da ƙudurin cewa kamfanin ya fice daga Afirka ta Kudu. Ƙudurin ya faɗi a ƙuri'a, amma ya koya wa masu hannun jari cewa takardar da ke hannunsu tana ba su bakin magana a gaban shugabannin kamfani. A shekarar ce kuma Leon Sullivan, limamin wani cocin Baptist a Filadelfiya, ya zama baƙar fata na farko a hukumar daraktocin kamfanin.

Bayan kisan ɗaliban Soweto a 1976, Sullivan ya fito da ƙa'idoji shida a 1977 don kamfanonin Amurka da ke aiki a Afirka ta Kudu, kamfanoni 12 suka fara sa hannu. Abubuwan da ya nema na yau da kullum ne: baƙi da farare su ci abinci a ɗaki ɗaya, su shiga bayi ɗaya, a biya su albashi ɗaya a kan aiki ɗaya, a horar da baƙaƙe a kuma ɗora su a kujerun shugabanci. Sabon abin shi ne, kowane kamfani sai ya ba da rahoto, wasu daga waje su auna shi su ba shi maki. Daga nan tsarin awon ESG na yau ya gaji siffarsa.

Nijeriya ta taka rawa ta wata hanyar. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta janye kuɗin hukuma daga bankin Barclays saboda hulɗarsa da Afirka ta Kudu, a 1979 kuma ta karɓe kadarorin kamfanin mai na BP.

Tura ta kai bango a 1985, da bankin Chase Manhattan ya ƙi sabunta wa Afirka ta Kudu basussuka, wasu bankuna suka bi sahu, har gwamnatin Shugaba Botha ta dakatar da biyan bashi a watan Satumba. A 1986 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar takunkumi duk da Shugaba Reagan ya hau kujerar na-ƙi, Jami'ar Kalifoniya ta yanke shawarar janye jarin kimanin dala biliyan 3, General Motors da Barclays suka sanar da ficewa. A 1987 Sullivan da kansa ya ce ƙa'idojinsa ba su wadatar ba, kamfanoni su tattara nasu-ya-nasu su fita. Har yau ana jayayya a kan tasirin janye jarin. Wani bincike da aka buga a 1999 ya gano cewa farashin hannun jarin kamfanonin bai girgiza sosai ba. Matsin bankuna shi ya fi cizo.

Komawa kan muhalli

A Maris 1989 jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya zubar da kimanin galan miliyan 11 na ɗanyen mai a gaɓar Alaska. Masu zuba jari suka kafa ƙungiyar Ceres, suka fito da ƙa'idoji goma bisa salon na Sullivan. Daga cikin Ceres aka samar da GRI a 1997, tsarin rahoton da kamfanoni ke bayyana tasirinsu ga muhalli da jama'a.

Daga 2004

Kofi Annan, Sakatare-Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ya gayyaci manyan cibiyoyin kuɗi, rahoton da suka fitar a 2004 ya yaɗa haruffan ESG, aka kuma ƙaddamar da ƙa'idojin PRI na zuba jari na sanin ya-kamata a kasuwar hannun jari ta New York a 2006. Bayan yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi, hankali ya karkata ga hayaƙin da ke ɗumama duniya, abin da ake yi na ganin dama ya fara zama doka, musamman a Tarayyar Turai. Nijeriya ta sayar da takardun lamuni na ayyukan muhalli na naira biliyan 10.69 a Disamba 2017, na farko da wata gwamnatin Afirka ta fitar. Hukumar ISSB, mai tsara ma'aunan irin waɗannan rahotanni a duniya, ta fito da ma'aunanta biyu na farko a Yuni 2023.