Ɗakin da jirgin ƙasa ya sauya

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, amma bai ƙetare ganuwa ba. A waje aka kafa tasha, gabas da Birni. Abin da ya shiga ta Ƙofar Mata da Ƙofar Nassarawa shi ne kayan da yake saukewa: kananzir, atamfa, siminti da kwanon rufi. Biyun ƙarshe, sannu a hankali, su suka sauya ɗakin Bakano.

Kafin zuwansu, soro ake yi. A jera tubali, a yi bango mai kauri, a rufe da azarar giginya da ƙasa, a shafe da makuba. Zafin rana kan daɗe bai ratsa irin wannan bango ba, sai dare ya yi ya sako shi kaɗan-kaɗan. Wanda ya shiga Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa ga zamanin Rumfa a ƙarni na 15, da tsakar ranar Afrilu, ya ji wannan a jikinsa.

Ma'auni mafi sauƙi na abin da aka rasa shi ne ƙaramin layin dogo na wasa, irin wanda masu sha'awa ke shimfiɗawa a kan tebur, mai tazarar milimita 16.5 tsakanin ƙarafansa. A ƙarƙashin kwano, zafin bazara kan miƙa ƙarfen har ya lanƙwashe in ba a bar masa sarari a mahaɗa ba. Katakon da ke ƙasansa ya sha laimar Agusta ya kumbura, hunturu ya zo ya tsuke shi, layi ya goce. Ƙurar Janairu kuwa ta kwanta a kan ƙarfen, ta yanke lantarki, jirgi ya tsaya cik.

Soro ma da nasa haraji. Yana neman yaɓe kafin damina, da share indararo, da sa ido kan gara. Wannan wahala ce ta kai mutane ga kwano, kuma ba a ga laifinsu ba.

Sai dai abin da ke lanƙwasa ƙarfen wasa shi ke cin abin da ya fi shi daraja. A irin waɗannan ɗakuna ne, a Madabo da sauran tsofaffin unguwanni, ake ajiye littattafan hannu na malamai da takardun gado. Mai shirin rushe soron kakansa ya fara tambayar inda za a ajiye su.